Karkiya ko Murɗi

Kai biyu ɗan Kwatano ya shimfiɗa a tabarma,
a inuwar mangwaron Gudel, gab da la'asar.
Ya ce, Nomau, zaɓi guda, kuɗinka ba su kai biyu ba.
Na tsuguna ina kallonsu
kamar mai zaɓen igiyar da zai shiga rijiya.

Ni da aka haifa a Tawa,
inda ruwa sai an bi shi da guga gaba talatin,
yau ni ke nutsewa ƙarƙashin Isa,
ina cire ciyawa da leda daga bakin bututu
don famfon Yamai ya yi magana da asuba.

Na farko mai karkiya ne.
Ka ɗora shi a wuyan buteli, ka matse dunƙulen baya,
shi ke nan, ko da ido rufe.
Duk butelin da ke ma'ajiyarmu ya san shi,
har tsofaffin nan da fentinsu ya ɓare.
Sai dai zoben robar a fili yake zaune,
rana ta gasa shi, yashi ya lashe shi,
ƙarfe biyu ne suka danne shi kawai, ba shi da ɗaki.

Barmu ya san wannan.
Bara, lokacin da kogi ya yi ja da ruwan damina,
ya juya cikin duhu, ƙeyarsa ta bugi gindin bututu,
karkiya ta goce, faɗin farce,
zobe ya fita.
Daga kwalekwale muka ga ruwa na tafasa.
Ya fito da ransa, mun gode Allah,
amma yanzu shi ke riƙe igiya a sama,
ko alwala yake, ba ya son ruwa ya daɗe a hancinsa.

Na biyu mai murɗi.
Shi shiga yake yi, zagaye bayan zagaye,
ya kai zobensa can ciki ya ja ƙofa.
Iska komai matsinta ba ta ba shi tsoro,
ba shi da ƙaho a ƙeya da zai kama tsohuwar koma.
Amma baƙo ne mai zaɓen masauki:
cikin buteli goma sha ɗaya, huɗu za su karɓe shi,
sauran sai da ɗan tsakani, jika goma sha biyar.
Kuma ƙwayar yashi ɗaya a zarensa
ta isa ta sa ka zufa a bakin gaɓa.

Tsoho Tinni, sorko, yana ɗinkin koma a gefe,
ya ce, mu da ƙirji muka shiga, da ƙirji muka fito.
Na ce, Baba, kai kifi kake bi, numfashi guda,
ni sai na kwance noti takwas
a inda ko tafin hannuna ba na gani.
Ya yi dariya, ya ciji zarensa, bai ƙara ba.

Barmu bai ce uffan ba.
Ya ɗauki mai murɗin, ya hure zarensa, ya miƙo mini.
Na biya.
Ɗan tsakanin kuwa bashi ne, sai ƙarshen wata,
daga kuɗin tunkiyar da Tsahara ke lissafi.
Zan yi mata bayani, in ta ci ta ƙoshi.

Yanzu kowace safiya, kafin masu wanki su sauko,
ina goge zaren da tsohon buroshin haƙori,
in taɓa zobe da ɗan yatsa,
in murɗa ina ƙirgawa har ya tsaya da kansa.
In buɗe iska a hankali, in kara kunne.
Shiru nake nema.
In na same shi, sai in ɗaga wa Barmu hannu,
ya sassauta igiya,
kogi ya rufe a kaina,
can a Bukoki wata mata ta buɗe famfo
tana faɗa da yaranta a kan sabulu.